“Za Ta So Shi Daga Baya”: Martani Ga Littattafan Masarauta Da Masu Fakewa Da Su



Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe wa ɗaya daga cikin dattawan jama'armu alƙalami a nan Batterie IV. Aikina shi ne in zauna a gefensa ranar da aka kawo ƙara ko aka zo sulhu, in rubuta abin da aka faɗa da abin da aka yanke, in kuma rubuta wasiƙun da za a aika wa dangi a Oyem ko Bitam ko Garwa ko Kano. Duk wanda ya daɗe a irin wannan mazauni zai gane cewa mafi yawan rigimar da ke shigowa zaure ta aure ce. Zai kuma haddace wasu kalmomi da ke maimaituwa a bakin manya har sun zama kamar wuridi. Babbarsu ita ce: “Ta yi haƙuri, za ta so shi daga baya.”

A da a bakin gwaggo da inna kawai nake jin wannan magana. Yanzu ta sami mai tallafa mata daga inda ba a zata ba, wato littattafan soyayya na masarauta da ake rubutawa shafi-shafi ana turawa ta WhatsApp da Wattpad, waɗanda 'yan matanmu na Libreville ke karantawa a waya har tsakar dare. Da yawa daga cikinsu ma da waɗannan littattafai suke riƙe da ɗan abin da ya rage musu na karatun Hausa, tunda a makaranta Faransanci ne, a titi ma shi ne. Saboda haka ban ɗauki lamarin da wasa ba. Na karɓi guda huɗu na karanta tun daga fari har ƙarshe, don kada in yi hukunci a kan ji-ta-ji-ta.

Sunaye ne suka bambanta, amma zaren labarin ɗaya ne. Wata masarauta ce ta zamanin da, ba a faɗi shekara ba, ba a kuma san inda take ba. Sarki ya yi wa amininsa alkawari, sai aka ɗaura wa yarima aure da yarinyar da bai taɓa gani ba. Yarima miskili ne, mai ji da kai. Daren farko ya gargaɗe ta kada ta kuskura ta ɗaga ido ta dube shi. Daga nan sai watanni na wulaƙanci: zagi a gaban kuyangi, mari, kulle a ɗaki, wani lokaci har da abin da kunya ba za ta bari in rubuta ba. Ita kuwa sai kuka a ɓoye da biyayya a fili. Can sai ciwo ya kayar da yarima, ta yi jinyarsa, ya farka ya durƙusa yana neman gafara, so ya kama shi kamar zai zauce. Ta haifi 'yan biyu, a naɗa shi sarki, a rufe littafi.

Bari in faɗa muku abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wata yarinya haifaffiyar garin nan, ta gama sakandare, Faransanci ya fi Hausa zama a bakinta. Aka haɗa ta da ɗan baffanta da ke wani gari a arewacin Kamaru. Ta ce ba ta so, ta faɗa wa mahaifiyarta, ta faɗa wa gwaggonta. Aka ce ƙuruciya ce. Bayan wata takwas sai ga ta ta dawo, ta rame, ba ta iya haɗa ido da kowa. Ranar da aka zauna, dattijonmu ya tambaye ta: “'Yata, me ya hana ki magana tun farko?” Ta sunkuyar da kai ta ce: “Baba, na yi magana. Aka ce mini haka ake farawa. Ni ma haka na karanta, sai na yi ta jiran ranar da zai sauya.” Na rubuta wannan amsa a littafin zaure kamar yadda ta faɗe ta. Auren ya mutu, kuma har yau mahaifinta da wansa ba sa gaisawa. Zumuncin da aka ce za a ƙulla, shi aka tsinke.

Kada wani ya ɗauka ni maƙiyin auren haɗi ne. Ni kaina mahaifina da amininsa ne suka haɗa ni da mai ɗakina, yau shekara ashirin da takwas, kuma ina shaida cewa so yana tsirowa a cikin gidan aure ya yi rassa. Allah Maɗaukakin Sarki ya ambaci natsuwa da ƙauna da jinƙai tsakanin ma'aurata a cikin ayoyinsa, a aya ta 21 ta Suratur Rum. Na kuma san dalilin da ya sa jama'armu ke riƙe da wannan al'ada da ƙarfi. Mu 'yan kaɗan ne a ƙasar nan. Kakanninmu fatake ne da suka gangaro ta Kamaru suka zauna a Woleu-Ntem, a Oyem da Bitam da Minvoul, kafin wasu su ƙaraso Libreville. Uba yana duban 'yarsa yana tsoron kada jikokinsa su tashi ba Hausa ba allo, sai ya ga mafita ita ce ya ba da ita ga ɗan dangi. Wannan tsoro gaskiya ne, ni ma ina da shi. Amma ni da aka yi nawa haɗin, an tambaye ni, ita ma an tura gwaggonta ta tambaye ta a keɓe, aka ba ta makonni ta yi tunani. Ban taɓa marinta ba kafin ta so ni. Abin da littattafan nan suke share wa ke nan.

Laifinsu na farko shi ne sun cakuɗa auren haɗi da auren dole har mai karatu ya kasa rarrabe su. Auren haɗi shi ne manya su duba asali da tarbiyya su kawo shawara, yaro da yarinya su amsa. Auren dole shi ne yarinya ta ce a'a a yi kamar ba a ji ba. Na san abin da wasu za su ce mini, domin ni ma na durƙusa gaban malam na karanta Ahalari da Ishmawi da Iziyya har zuwa Risala. Gaskiya ne, a Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani da sauran littattafan mazhabarmu ta Malikiyya an ba uba ikon aurar da 'yarsa budurwa, abin da ake kira ijbari. Sai dai malaman da suka kawo wannan hukunci sun gina shi a kan zaton cewa uba ya fi kowa tausayin 'yarsa da neman maslaharta, kuma ba su halatta masa ya jefa ta cikin cuta ba. Wanda ya riƙe ikon ya yar da maslahar, ya ɗauki kube ya bar takobi.

Mu kuma duba abin da ya faru a Madina. A cikin Sahihul Bukhari akwai labarin Khansa'u 'yar Khidam, bazawarar da mahaifinta ya aurar ba da sonta ba, ta kai ƙara wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren. Akwai hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa a nemi izinin budurwa, kuma shirunta shi ne izininta. Shirun kunya ake nufi. Yarinyar da ta buɗe baki ta ce “ba na so” ai ba ta yi shiru ba. Sai labarin Barira da mijinta Mugisu, wanda ya kamata duk marubucin soyayya ya sani. Da aka 'yanta ta, ta zaɓi rabuwa da shi. Mugisu ya riƙa bin ta a lungunan Madina yana kuka, hawaye na jiƙa gemunsa. Annabi ya ba ta shawara ta koma, ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto kawai yake yi, ta ce ba ta da bukatar mijin, aka bar ta. Ga miji mai so har da kuka, ga mafi girman mai ceto, amma ba a ce mata ta daure so zai zo daga baya ba. To mu su wane ne da za mu faɗa wa 'ya'yanmu haka a kan mijin da ke zagi da duka?

Laifi na biyu ya fi na farko muni. Littattafan nan sun mai da wulaƙanci ƙofar so. Suna koya wa yarinya cewa marin yau alama ce ta ƙaunar gobe, cewa namijin da ya fi tsanani shi ne zai fi laushi idan ya faɗa. Suna kuma koya wa saurayi, domin samari ma suna karantawa a ɓoye, cewa miskilanci da taurin zuciya su ne kwarjini, kuma duk abin da ya yi za a yafe masa a shafin ƙarshe. Ni da nake riƙe da littafin zaure ina gaya muku ban taɓa rubuta irin wannan shafin ƙarshe ba. Na ga mai faɗa ya rage faɗa da girma ya zo masa. Na ga marowaci ya saki hannu. Amma wanda ya fara aure da raina matarsa a gaban mutane, abin da na saba rubutawa bayansa shi ne yaji da biko, yaji da biko, har a kai ga takarda. Hausawa sun ce mahaƙurci mawadaci, kuma gaskiya suka faɗa. Haƙurin da suke nufi shi ne na talauci da ciwo da bambancin hali, wanda mata da miji ke yi tare. Zalunci kuwa shari'a ta buɗe wa mace ƙofar fita daga cikinsa, har ma matar Sabit ɗan Ƙais, wadda ba ta zargi mijinta da mugun hali ba, an yarda ta mayar masa da gonar sadakinta ta fita.

Laifi na uku shi ne suna da'awar tarihi alhali ba tarihinmu a cikinsu. Ka karanta shafi ɗari uku na “zamanin da” ba ka ga marina ba, ba ka ga madugu da ayari ba, ba makarantar allo, ba alƙali, ba kasuwa, ba sunan ganuwa ko ƙofa ɗaya da za ka iya zuwa ka gani. An dai ɗauko zaren labari daga finafinan Indiya aka yafa masa alkyabba. Wanda ya kalli fim ɗin Jodhaa Akbar na 2008 zai gane ƙirar nan take: auren siyasa tsakanin sarki da gimbiya, nesa-nesa da juna, sannan so. Auren dai ya faru, domin a 1562 Sarki Akbar ya auri 'yar Raja Bharmal na Amber, amma masana tarihi sun nuna cewa ko sunan Jodha babu shi a rubuce-rubucen fadar Akbar. Turawa ma suna da nasu, irin shirin Queen Charlotte na 2023, wanda aka gina a kan yarinya 'yar shekara 17 da ta iso London a 1761 aka ɗaura mata aure da Sarki George na Uku a ranar da suka fara ganin juna. Su dai sun koma tarihinsu sun yi masa ado. Mu kuwa mun bar namu a ƙasa mun je aron adon wasu.

Alhali ga shi nan a gabanmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793, an aurar da ita wajen 1807 ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin ɗan'uwanta Muhammadu Bello, wanda ya zama wazirin Sakkwato. Ƙaramar yarinya ce a lokacin bisa al'adar zamaninsu, kuma ba shekarun nake kira a kwaikwaya ba. Abin dubawa shi ne abin da gidan ya zama. Sun zauna sama da shekara arba'in. Ita tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana tura jajis ƙauyuka su karantar da mata a tsarin 'Yan Taru. Shi kuma yana riƙe da al'amuran daula, yana rubuta tarihin Shehu a littafinsa Raudul Jinan. Da ya rasu ta yi masa waƙar ta'aziyya, ɗansu Abdulƙadir ya riƙe wazirci, kuma daga zuriyarsu Waziri Junaidu ya fito. Wannan auren haɗi ne da ya yi albarka, kuma kowa na iya ganin tushen albarkar: miji bai rufe wa matarsa littafi ba, ya girmama iliminta, suka yi aiki ɗaya. Mahaifinta ma ai shi ne wanda a Nurul Albab ya caccaki mazajen da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Ina marubucin da zai zauna ya yi bincike ya ba mu labarin irin wannan gida, da hijira daga Degel, da yunwar sansani, da ginin Sakkwato?

Tarihin talakawa ma yana nan. Baba mutuniyar Karo, wadda Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954, ta ba da labarin aurenta na fari. Auren zumunci ne da ɗan'uwanta Duma, ta yarda da shi don biyayya ga mahaifinta, alhali zuciyarta na wurin Malam Maigari. Ta zauna 'yan shekaru, son bai zo ba, ta fita ta auri Malam Maigari suka yi kusan shekara 15 tare. Tsohuwar da ta ga zuwan Turawa da idonta ce ke shaida mana cewa ko a zamanin da ake kira na kunya da biyayya, so bai zama dole ya biyo bayan haɗi ba, kuma mata sun san hanyar fita. Duk wanda ya ce kakanninmu mata duka sun daure har so ya zo, bai saurari kakanninmu ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne adabinmu ya taɓa wuce nan. Tun a shekarun 1930, Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East ya nuna yadda attajiri Malam Shehu ya raba Abubakar da Zainab da ƙarfin dukiya, da bala'in da ya biyo baya har kan ɗan da aka haifa. A 1990 Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta aka aurar tana ƙarama, ta fitar da Wa Zai Auri Jahila?, labarin Abu da aka ba tsoho Sarkin Noma, ta gudu ta nemi ilimi. A 1991 Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna, shi ma a kan iyayen da suka fifita mai kuɗi a kan zaɓin 'yarsu. Marubutan Kano na wancan lokaci sun sha zagi, an kira aikinsu adabin kasuwa, amma sun tsaya a gefen yarinyar da ake zalunta. Yau jikokinsu a rubutu sun koma gefen yarima, suna shafa wa auren dole zuma.

Za a ce mini tatsuniya ce kawai, nishaɗi ne, me ya yi zafi? Amsata ita ce, da tatsuniya aka rene mu duka, kuma da ita aka koya mana tsoron ƙarya da kwaɗayi. Abin da yarinya ta karanta sau hamsin tana 'yar shekara goma sha shida, shi za ta auna rayuwarta da shi tana 'yar ashirin. Za a ce mini abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na yarda, babba yana hango asali da hali da abin da zai je ya dawo. Amma abin da ke cikin zuciyar yarinya, babba ko ya hau rimi sai ya tambaye ta. Wasu kuma za su ce to a hana karatun gaba ɗaya, a ƙwace wayoyi. Ban goyi bayan wannan ba. A 2007 an tara littattafan soyayya an ƙona a Kano, rubutun bai mutu ba, sai ma ya koma cikin waya inda ashana ba ta kaiwa. Mu kuma a nan, idan muka raba yaranmu da karatun Hausa, da me za mu maye musu gurbinsa?

Akwai kuma abin da ya shafe mu a matsayinmu na 'yan tsiraru. A ƙasar nan ana ɗaura auren hukuma a ofishin magajin gari, inda ake tambayar ango da amarya kowa da bakinsa. A 2021 Gabon ta kafa doka ta musamman kan kawar da cin zarafin mata. Duk abin da muka ƙi gyarawa a zaure, wata rana zai fita ya isa gaban 'yan sanda da kotu, kuma ranar ba sunan mutum ɗaya za a kira ba, cewa za a yi haka Hausawa suke, haka Musulmi suke. Addininmu ya daɗe da cewa a tambayi mace. Abin kunya ne a ce wani ne zai tuna mana.

Don haka ina kira ga marubuta, musamman 'yan'uwanmu mata da Allah ya ba baiwar riƙe mai karatu: ku ci gaba da rubuta labarin son da ke girma a cikin auren haɗi, domin labari ne na gaskiya kuma mai daɗi. Amma ku bar yarinyar ta amsa da bakinta kafin a shafa fatiha. Ku nuna mana mijin da ya jawo zuciyar matarsa da kunya da kyautatawa da cika alkawari, domin wannan ya fi wuyar rubutawa, ya kuma fi kama da gidajen kirki da muka sani. Idan kun sa yarima ya yi zalunci, ku bar zaluncin ya ci shi kamar yadda yake cin mutane a duniya. Idan kuma kun ce tarihi, ku je ku karanta shi, ku ba mu Katsina da Zazzau da Sakkwato da hanyar fataken da ta kawo kakanninmu gaɓar tekun nan.

Ga iyaye kuma, musamman mu maza masu zama a zaure: ku haɗa, amma ku tambaya. Ku tura wadda yarinya ba ta jin tsoronta ta ji ta bakinta a keɓe, ku ba ta lokaci, ku bar su su ga juna su yi magana bisa ladabi, musamman idan ita ta tashi a Libreville shi kuma a wani gari mai wata rayuwa daban. Idan ta ce a'a, ku karɓa ku nemi wani. Fasa baiko ya fi sauƙi a kan raba 'yan'uwa biyu har kabari. Ni dai na roƙi dattijon da nake wa hidima, kuma ya amince, cewa daga yanzu duk auren haɗin da za a kawo gabansa, ba zan rubuta rana ba sai wata dattijuwa ta zo ta shaida cewa ta ji amsar yarinya da kunnenta.

Allah ya ba 'ya'yanmu mazaje da mata na gari, ya sanya ƙauna da jinƙai a gidajenmu, ya shirye mu mu iyaye kafin mu nemi shiriyar 'ya'ya. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure daga gare ni ne, kuma ƙofar gyara a buɗe take.

Wassalamu alaikum.

Batterie IV, Libreville.